Matata Ta Fizge Bel Ɗin Motar Babana

Malama, don Allah ki taimake ni da shawara, gidana ya zama kamar ɗakin jiran likita, kowa ya yi shiru yana kallon bango. Yau kwana goma sha ɗaya matata ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa, ita ma a gutsure. Alhali kuwa ni aka yi wa ɓarna.

Ni malamin makaranta ne, na yi ritaya. Babana ya rasu ya bar wata mota da ta girmi matata da wata biyu. Shekara ashirin motar tana ajiye a bayan gidanmu, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Da na ajiye alli sai na yi niyyar tayar da ita, kuma shekara huɗu na yi a kanta. Ba yabon kai ba, ko madubin gefe ban yarda an sa na zamani ba. Wata bakwai na yi ina neman murfin tankin mai irin nata na asali. Ina cikin ƙungiyar masu tsofaffin motoci, mu goma sha biyu, kuma a wurinmu ka ce wa mutum kayan motarsa sabo ne, ka zage shi. Shugabanmu wani tsohon likitan haƙori ne da muke kira Mai Tocila. Yakan kwanta ƙarƙashin mota yana haskawa, in ya ga waldar da ba ta kamfani ba sai ya tashi ya kaɗe wando bai ce uffan ba. Wannan shirun ya fi mari ciwo.

To, da muka ɗaga kafet sai muka ga tsatsa ta cinye daɓen motar daidai inda notin bel ɗin kujerar gaba yake ɗaure, ɓangaren fasinja. Mai walda ya danna wurin da sukudireba, ta shige kamar ya soki burodi. Ya ce sai an yanke wurin an sa sabon ƙarfe mai kauri. Amma a nan ne kamfani ya buga wasu lambobi shida a jikin ƙarfen, abin da Mai Tocila ke fara dubawa ke nan. Na ce ba za a yanke ba. Mai walda ya tattara kayansa yana cewa shi ma yana da iyali, har yau ban san me ya kawo maganar iyalinsa ba.

Sai na yi aikin da kaina. Na sayo fila, ƙullun nan da masu gyaran jikin mota ke cike lotsa da shi, na cike ramin, na dasa notin a ciki, na goge da samfefa, na fesa fenti. Wallahi ya yi kyau, in kin gani sai kin ce daga kamfani ya fito. Na san fila ba ƙarfe ba ce, ni ba yaro ba ne. Amma ai ba na gudu, masu keke ma wuce ni suke yi. Ban gaya wa matata ba don kada in tayar mata da hankali.

Ranar da ƙungiya ta zo ganin motar, na ce za mu ɗan zaga unguwa ni da ita. Ta yi kwalliya, ta fito tana murmushi. Matata ma'aikaciyar jinya ce, shekara ashirin da shida a sashen waɗanda suka yi haɗari, kuma tana da wata muguwar ɗabi'a: duk motar da ta shiga, in ta ɗaura bel sai ta fizge shi da ƙarfi sau biyu. A fizga ta farko na ji ƙas. A ta biyu bel ya taho hannunta, da noti, da dunƙulen fila, da lambobi huɗu cikin shida. Ta leƙa ramin ta hango simintin tsakar gida. Ta tambaye ni tun yaushe na sani, na ce wata takwas. Ta tambayi nawa ɓangaren, na ce lafiya lau yake, don gaskiya ke nan. Ta damƙa mini dunƙulen a hannu ta shige gida. Mai Tocila ya kaɗe wando ko kwanciya bai yi ba.

Yanzu har ta buga wa 'yarmu waya ta ce kada jikoki su kusanci gareji. Ni dai ina kewarta, ba zan ɓoye miki ba. Ita ta ɗinka rigunan kujerun nan da hannunta, kullum ita ke kawo mini ruwa gareji ta zauna tana yi mini tsiya. Yaya zan fahimtar da ita cewa ta lalata abin da ba a sake samunsa? In ta ba ni haƙuri, ni mai yafewa ne.

Mai Tsohuwar Mota

Malam, sau biyu na karanta wasiƙarka ina neman inda aka yi maka ɓarna, sai na ga kai ne ka kawo ƙarar kanka, har da shaidu goma sha ɗaya.

Bari in fara da haƙƙinka. Mutumin da ya ba motar mahaifinsa shekara huɗu ba abin dariya ba ne, kuma na san kunyar da ka sha a gaban abokai ta yi zafi. Shirun kwana goma sha ɗaya ma ya yi tsawo, da ita ta rubuto da na gaya mata. Sai dai ka tuna inda take aiki. Kai lambobi ka gani a wurin nan, ita kuwa ta san yadda ake kawo wanda bel ya saki. Tafiyarka a hankali ba ta hana na bayanka gudu.

Aikin kansa ba wuya. Ka je ka ba mai walda haƙuri. Ya yanke har sai ya kai ƙarfe mai lafiya, ya sa sabo mai kauri, ya ƙara wani faffaɗan ƙarfe ta ƙasa yadda notin ba zai huda ba. Notin ya zama irin wanda aka yi don bel, ba wanda ka tsinta a gwangwanin tarkace ba. A duba sauran wuraren duka, har naka da kake taƙama da shi. Bel ɗin ma a canja, zare ne, yana ruɓewa. Guntun da aka yanke ka adana a aljihun tebur, in Mai Tocila ya zo ka miƙa masa ya haska har batirinsa ya ƙare.

Aikin da ya fi wannan yana cikin gida. Tambaya biyu ta yi maka, ka amsa duka, amma ba ka ji abin da ta ji ba. Ta ji cewa wata takwas tana kawo maka ruwa a gareji, kai kuma ka riga ka auna ta da lambobi shida, lambobin suka rinjaya. Ka je ka faɗa mata haka da bakinka, ba tare da ka ƙara "amma" ba. Kada ka nemi haƙurinta kan mota, ba ta da abin da za ta ba ka a nan.

Ko an gama gyaran, mai yiwuwa ta ce ka tafi, ita za ta hau tasi. In haka ta zaɓa, ka tsayar mata da tasi, ka buɗe mata ƙofa, ka bi bayansu a hankali har ranar da ta ce ya isa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ku duk inda za ku lafiya.