Kekena da Saniyarta

Litinin, 5 ga Agusta, 2024

Baban Jannat ya yi hatsari a hanyar Gwaram da la'asar. Ya sauke fasinja yana dawowa a babur, aka yi tsawa, saniyar wani Malam Maikano ta firgita ta faɗo titi. Ƙafarsa ta dama ta karye. Saniyar kuwa nan take aka yanka ta kafin ta zama mushe. Ban yi kuka ba. Na dai wanke masa wandon.

Alhamis, 8 ga Agusta

Asibiti, gida, asibiti.

Lahadi, 11 ga Agusta

An yi zama a zauren mai unguwa, wan maigidana, Yaya Badamasi, ya wakilce mu. Wai babu mai laifi: Baban Jannat ba gudu yake ba, makiyayi kuma yana tare da shanunsa. Don haka a haɗa kuɗin saniya da gyaran babur da na asibiti, a cire abin da aka samu a watandar naman, a raba asarar biyu. Da aka raba, mu ne da ciko, tunda saniya ta fi tsada. Mai karyayyar ƙafa shi zai biya ke nan. To.

Talata, 13 ga Agusta

Abin sayarwa a gidan nan ɗaya ne, kowa ya sani. Yaya Badamasi ya shigo dubiya, bakinsa na sannu, idonsa na kan keken ɗinkina. Babur ba ya taɓuwa, wai shi ne abincin gida. Ni ashe duk shekarun nan wasa nake yi.

Juma'a, 16 ga Agusta

An ɗauki keken. Na share wurin.

Talata, 20 ga Agusta

Mairama, matar Maikano, ta zo dubiya da 'yar ƙwaryar nono. Na bar ta a tsaye. Ta ce a yi haƙuri da shi, a wajen maƙwabciya ta karɓo. Ashe saniyar tata ce, mahaifinta ya ba ta lokacin aurenta, da nononta take sayen gishiri da sabulu. Cikon da muka biya yana aljihun maigidanta, wai za a sayi taki.

"Ke kuma me aka ɗaukar miki?" in ji ta.

Na nuna mata inda keken yake a da. Ta daɗe tana kallon wurin. Daga ni har ita, ba wadda ta taka titin nan ranar hatsarin.

Na shimfiɗa mata tabarma a wurin. Ba don komai ba, nan ne kawai ke da fili.