Muryar da Ravil Yake Bi

Tashkent, farkon Satumba

Zuwa ga Mavjuda, Maman Dilbar,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Yaya mai jego, yaya ɗan baƙon namu? Ki shafa min kansa. Ki gai da surukinmu da iyayensa, da duk wanda ya tambaye ni a Namangan.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda a hannun direba maimakon kiran waya. Kada hankalinki ya tashi. Na je asibiti kamar yadda kika yi ta min mita. Likita Sayyora ta haska maƙogwarona, ta ce wani ƙulli ne ya fito a kan jijiyar murya. Ba mugun ciwon nan ba ne, ta tabbatar min. Amma ta ce a cire shi da wuri, kuma kafin nan in kame bakina. Ni Ozod, in yi shiru! Na ce mata shekara arba'in matata na neman wannan magani ba ta samu ba. Ko murmushi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Baba, ka ci gaba da ihu a lasifikar nan, wata rana za ka buɗe baki iska ce kawai za ta fito. Ran nan kuwa ba abin da zan iya yi maka."

Kin dai san bikin kaka na kulob ɗinmu na ƙananan jiragen wasa ƙarshen wannan wata ne, kuma ni ne mai sanarwa a lasifika. Na ce mata a bari sai bayan biki. Ta kalle ni irin kallon da kike min idan na shigo gida da sabon inji a aljihu.

Gida lafiya, sai dai kada ki tambayi teburin cin abinci. Fiffiken ƙaramin jirgi ne a kansa, da gam, da tsumman man zurma. Ina cin abinci a tsaye. Maƙwabciyarmu ta aiko min da shinkafa da karas har sau biyu, ba ta kai taki ba.

Jiya na leƙa filin da muke tashin jirage. Kwaltar da'irarmu duk ta tsage, ciyawa ta fito, shingen waya ya kwanta ta gefen gabas. Samarin yanzu suna can gefe da jiragensu masu farfela huɗu, sun rufe ido da wani tabarau, ba wanda ke ɗaga kai ya kalli sama. Mu masu jirgin da ake tuƙawa da waya a hannu saura 'yan tsofaffi, in muka zauna benci ɗaya ya ishe mu. Na gaji, Mavjuda. Ba gajiyar da barci ke maganinta ba.

Ki kula da gwiwarki, kada ki yi ta durƙuso a bakin murhu don ki burge surukai.

Naki,
Ozod

Tashkent, tsakiyar Satumba

Maman Dilbar,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da Dilbar da yaro. Na ji daɗi da kika ce yana shan nono sosai. Allah ya raya mana shi.

Takardarki ta iso, na karanta, har yanzu kunnena na zafi. Kin ce na fifita abin wasan yara a kan jikana, wai so nake yaron ya tashi bai san muryar kakansa ba. Wannan magana ta soke ni, domin gaskiya ce ta wani gefen. Don haka zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ki riƙe shi.

Ba don tafi nake riƙe da abin maganar nan ba. Tafin ya ishe ni tuntuni. Saboda Ravil ne.

Kin tuna bazarar da ya farfasa jirage biyu a jere, bayan rasuwar matarsa? Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne. Idonsa ne. Yana tsaye a tsakiyar da'ira, mariƙi a hannu, jirgin yana can ƙarshen wayoyi yana kewaya shi, to idan ya yi alkafura ya gangaro, ba ya iya bambanta ƙasa da iska. A bayan rumfar mai ya gaya min, yana tsintar guntayen katako, hawaye na bin gemunsa. Kin san dokar kulob: wanda ba ya ganin jirginsa ba ya shiga da'ira, saboda akwai yara a bakin shinge. Mutumin da muka fara manna fiffike tare tun muna 'yan makaranta, ba mata, ɗansa na can wata ƙasa, a ce a karɓe masa wannan ma? Na ce masa ya shiga, ni ne idonsa.

Tun daga nan duk ihun da kike ji ina yi, "Saura tsayin mutum biyu! Saura tsayin mutum ɗaya! Sama, sama!" ba don 'yan kallo ba ne. Su sun ɗauka salona ne, har yara na kwaikwayona a layi. Da Ravil nake. Kuma dole in ɗaga murya ta fi ƙarar inji, shi ya sa nake dawo miki gida kamar tsohon zakara.

Jahongir, shugaban kulob, wanda ni na koya wa riƙe mariƙi, ya zo har gida da kankana a hammata. Ya ce, "Yaya Ozod, don Allah ka huta bana. Ƙanwar matata na aikin rediyo, za ta karɓe ka, kai ka zauna a inuwa ka sha shayi kamar manya." Yaron kirki ne, da zuciya ɗaya ya faɗa. Na ce masa cikin raɗa, ƙanwar matarsa ta san bambancin alkafura da faɗuwa? Ya tafi ransa a ɓace. Me zan ce masa? In na faɗi gaskiya, ran nan Ravil ya gama.

Shi kuwa gogan naki Ravil ko a jikinsa. Ya sake wa jan jirgin nan fenti, yana ta cika baki wai bana zai nuna wa masu tabarau yadda ake tuƙi.

Ina shan madara mai zafi da kitsen wutsiyar rago safe da yamma, kamar yadda kika ce. Abin ba daɗi. Ina rubuta wa mai shago abin da nake so a takarda, yana ta min dariya. Minti kaɗan ne kawai tashin Ravil. Su zan tara wa muryar, in ya sauka lafiya in miƙa wa likita wuyana.

Ki yi haƙuri da ni, kin saba.

Mijinki,
Ozod

Tashkent, ƙarshen Satumba

Mavjuda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mai jego da yaro. Ni jikina lafiya. Murya ce babu.

An yi biki. Mutane sun zo ba laifi, an kafa tukunyar shinkafa a bakin ƙofa, iska ma ta yi mana kirki. Na bar wa yarinyar rediyon duk sauran wasannin, kuma ta yi ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinta ba. Da aka zo kan Ravil na miƙa hannu ta ba ni abin magana.

Inji ya tashi, aka saki jirgi. Na gabatar da shi, muryar ta fito a dishe amma ta fito. Alkafura ta farko na raka shi har ƙasa na ɗago shi. Ya hau ta biyu, ya juyo, na buɗe baki in ce saura tsayin mutum biyu. Ba abin da ya fito. Na sake yunƙurawa, na ji wani abu ya tsinke a wuyana kamar zare. Lasifika ta yi tsit. Ga jan jirgi ya nufo kwalta kai tsaye, ni kuma ina tsaye baki buɗe kamar kifi. Wallahi na rufe idona.

Da na buɗe, jirgin na sama.

Mavjuda, ya yi komai. Ya yi tafiya a kife ƙasa-ƙasa, ya zana siffar lambar takwas a tsaye da a kwance, ya bi ta saman kansa, ba wanda ya ce masa uffan. Ni ina riƙe da abin magana kawai. Mai ya ƙare, inji ya mutu, ya sauke shi a hankali ko tsalle bai yi ba. Aka yi ta tafi.

Sai ga shi ya taho yana haki, ya rungume ni a gaban Jahongir, ya ce da ƙarfi, "Yau kam ka yi aiki, tsoho! A takwas ɗin ƙarshen nan, ba don ka ce in ja sama ba, da na dasa shi a ƙasa!"

Ban ce komai ba a takwas ɗin ƙarshe. Ban ce komai ba tun alkafura ta biyu. Filin nan kaf sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba.

A nan na gane. Shekara hamsin yana cusa kunne a jikin inji yana saita shi. Ba ya ji na, Mavjuda. Allah kaɗai ya san tun yaushe. A wuyan hannunsa yake jin jirgin, ta yadda waya ke ja da yadda take saki. Ya bar ni ina ta ihu, duk shekara yana zuwa yana min godiya, don kada in ajiye abin magana in koma gida in zauna.

Jahongir ya buɗe baki zai yi magana, na damƙe hannunsa. Ya kalle ni, ya kalli Ravil, ya tafi duba tukunya.

Na koma asibiti. Likita ta sake haska maƙogwarona. Za a yi aikin mako mai zuwa, amma ta ce ba ta yi min alkawarin komai ba, wataƙila raɗa, wataƙila abin da ya ɗan fi raɗa. Na zauna a bencin asibiti na rasa abin da zan ji. Haushin Ravil nake ji, kuma ban taɓa son mutumin nan kamar yau ba. Ki ce wa Dilbar ta yafe min. Yaron zan riƙa ɗaukarsa, wannan dai ban rasa ba.

Da muna naɗe wayoyi Ravil ya dafa kafaɗata ya ce, "Baɗi ma muna nan, ko? Kada ka bar ni, ka san ba na gani." Na gyaɗa masa kai.

Idan kun yi arba'in ki dawo, na share teburin. Kuma in Ravil ya zo gaishe ki, don Allah kada ki gaya masa na gane.

Naki har kullum,
Ozod