Dokar da Mijina Ya Kafa

Alta Gracia, watan Yuni

Yaya Zulema,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya sanyin Comodoro, yaya ƙafar taki? Ina fatan yaran suna leƙo ki, ba sai ranar da suke neman wani abu ba. Na san za ki ce me ya hana ni bugo waya. Ítalo ne. Kunnensa ya fi na kowa a unguwar nan, kuma abin da zan gaya miki ba na so ya ji.

Jikin nasa yana nan yadda kika bar shi. Ɓarin dama ya shanye, baki ya ɗauke, kalma ɗaya tak ciwon ya bar masa: "Taka." Mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana gwada motoci a kan dutse, ai dole ita ce za ta rage masa. Ruwa yake so, "Taka." Ruwan shayin mate ya yi masa zafi, "Taka." Ranar da fadan coci ya zo yi masa addu'a ma, abin da ya samu ke nan a maimakon amin. Na yi dariya har na ji kunya.

Abinci ne damuwata. Daga Litinin zuwa Asabar sai na yi ta lallashi kafin ya buɗe baki. Amma ranar Lahadi, Yaya! Nakan turo shi a keken guragunsa zuwa bakin gareji, in shiga motarsa Aguara in tayar da ita. Da ta yi gurnanin nan nata sai ki ga mutum ya dawo. Ya karkata kai, ya ɗaga yatsan hagu yana nuna min in ƙara wuta ko in sassauta, ya harare ni idan na yi garaje. Bayan nan sai ya cinye taliyar Lahadi tas, har ya miƙo kwano. Cin ranar shi ke riƙe shi har mako ya zagayo. Likita ya ce shi dai ba a koya masa wannan ba, amma in ci gaba.

Na san ra'ayinki a kan motar nan. Tun lokacin da yake zuwa zance da ita kike kiranta akwatin gawa mai taya. Amma ki tuna matsayinta a wurin masu irinta. Ƙaramar masana'anta ce a bayan layin dogo a Córdoba, 'yan ɗaruruwan motoci kawai ta ƙera, amma a hanyar dutse babu mai kamo su. Da aka buɗe iyaka motocin waje suka cika ƙasa, wata safiya ma'aikata suka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ítalo ya sayar da filin da ya gada ya sayi motar da yake gwaji da ita, mai lamba arba'in da ɗaya. Tun daga ranar ba a sake ƙera ko noti ɗaya na Aguara ba.

Shi ya sa masu motar suka kafa ƙungiya, shi ya sa kuma aka kafa dokar nan. Duk wanda ya cika shekara bai iya tuƙa motarsa ba, sai a kwance ta a raba wa waɗanda ke kan hanya. Kowane ƙarfe sai an buga masa lambar motar da ya fito daga cikinta, da hatimin ƙarfe, don kada a manta da ita. To wa ya kawo dokar? Mijina. A teburin kicin ɗina ya tsara ta, yana cika baki, ni ina can ina soya musu sambusar empanada. Akwatin giyar tuƙi da ke cikin motarmu yanzu ma na marigayi Aníbal ne, da lambarsa a jiki.

A watan Oktoba ciwon ya kama shi, jim kaɗan bayan hawan dutsen da suke yi duk shekara. Ga Oktoba tana tafe. Fermín, shugaban ƙungiyar na yanzu, wanda Ítalo ya koya wa riƙe sufana, ya zo dubiya jiya. Da zai fita na ga yadda ya saci kallon gareji.

Ki gaida yara, ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Nélida

Alta Gracia, watan Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina fatan tarin ya sake ki. Safar ulu ta iso, mun gode, tana ƙafarsa yanzu haka.

Shawararki ta naɗar ƙarar motar a waya, na gwada. Na ajiye masa wayar kusa da kwano ranar Laraba. Ya saurara kaɗan, ya sa hannun hagu ya ture ta ƙasa, ya dube ni kamar na ba shi hoton nama na ce ya ci. Kada ki sake ba ni irin wannan shawarar.

Sun zo, Yaya. Fermín da Telmo, wani mai sayar da irin shuka a Río Cuarto, wanda kaburetocin motarsa suka tsage. Suka ja ni tsakar gida suna murza hula. Fermín ya ce, "Doña Nélida, ba yau muke nufi ba, kawai dai mu fara magana." Na ce, "Fermín, kai da ka ci taliyata har ka aje tumbi, yau kai ne za ka shigo min gida kana kallon motar mijina da idon mahauci?" Ya ce, "Wallahi Doña, ni ma ban iya barci a kan maganar nan. Motoci tara suka rage a kan hanya, uku cikinsu jiran kaya suke." Telmo ya sa baki wai shi zai iya haƙuri. Na ce to ya yi ta yi, ga ƙofa nan.

Da suka tafi sai wata dabara ta faɗo min. Doka ta ce mai mota, ai ni ma mai mota ce. Idan na zagaya unguwa da ita ko sau ɗaya a wata, wa zai ce tana tsaye? Ke kin san ban taɓa tuƙa ko keke ba, amma rabin rayuwata a kujerar gefe na yi ta, na ɗauka na iya da ido.

Lahadin nan na ajiye shi a bakin ƙofa kamar kullum, na tayar da ita, na buɗe get. Kulocin motar nan, Yaya, kamar ki taka dutse. Da gwiwar nan tawa mai ciwo na danna iya ƙarfina, na sa giya, ƙafata ta zame. Ta yi tsalle ɗaya ta rungumi ginshiƙin get. Ni ban ji ciwo ba. Fitilar dama ce ta tarwatse, irin wadda babu ta biyunta a faɗin ƙasar nan, wadda wani a ƙungiyar ya yi shekaru yana nema.

Na fito ina jira ya yi min tsawa da kalmar tasa. Bai yi ba. Rufe ido ya yi kawai. Na share gilasan ina kuka, ranar ko taliyar bai taɓa ba. Ga shi tun daga nan famfon ruwanta yake ɗiga, da ta ɗan yi aiki sai ta yi zafi in kashe. Gyaransa kuma sai ƙungiya, mutanen da na kora.

Ban san abin yi ba, Yaya. Ki rubuto min ko da faɗa ne.

Taki,
Nélida

Alta Gracia, watan Oktoba

Yaya Zulema,

Ina fatan kina lafiya, da su yara da jikoki. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne ya ƙi riƙe biro.

An kwance motar. Ba kuma yadda kike zato ba, don haka kada ki zagi Fermín.

Ranar Asabar suka zo dukansu, da nama da gawayi, kamar zamanin da. Suka kewaye kekensa. Fermín ya durƙusa ya ce, "Maigida, mun zauna mun yi shawara, babu wanda ya ƙi. Arba'in da ɗaya ba za a taɓa ta ba muddin kana raye. Famfon ma ni zan gyara." Yaya, saura kaɗan in rungume shi, shi da tumbin nasa. Na ce a raina Allah ya ji kukana.

Sai na ga fuskar Ítalo ta yi ja. Ya fara dukan hannun keke yana cewa "Taka! Taka!" yana nuna durowar da ke cikin gareji. Na san abin da ke cikinta sarai, amma na yi kamar ban gane ba. Na kawo masa tsumma, ya jefar. Na kawo tocila, ya jefar. Sai ya daina ihu ya tsaya yana kallona. Shekara hamsin da wani abu muna tare, ban taɓa iya yi wa kallon nan ƙarya ba. Na je na ɗauko hatimin ƙarfen mai lambar motarsa. Ya sa shi a tafin Fermín, ya naɗe masa yatsu a kai.

A gaban mutane na durƙusa na ce, "Ítalo, ka san abin da kake yi min kuwa? Da me zan ciyar da kai?" Ya sani. Ciwon bai taɓa hankalinsa ba. Ya shafa kaina, sannan ya nuna wajen akwatin giyar Aníbal, ya dubi mutanen ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya iya ɗaga ido. Shi ya ƙi sassauta wa matar Aníbal lokacin da take roƙon a bar mata motar mijinta, ba zai yarda a yi masa rangwamen da bai yi wa kowa ba. Taurin kan nan da na aura ne, ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Abu ɗaya na roƙa, su bari sai Lahadi. Na tayar masa da ita sau na ƙarshe. Ya bar ta ta yi ta gurnani har ta fara tururi, sannan ya sauke yatsa na kashe.

Daga nan suka sa hannu. Yana bakin gareji yana ba da umarni da yatsa ɗaya, wane noti za a fara kwancewa, wa za a ba me. Telmo ya saki sufana ta faɗi, ya samu harara, ya ce, "Maigida, ashe har yanzu ba ka yi ritaya ba!" Suka yi dariya, shi ma gefen bakinsa ya motsa. Ni ina kicin, duk bugun guduma a kan hatimin nan sai in ji shi a haƙorana. Ranar ya ci taliya kwano biyu har da nama, mutane suna ta murna. Ni kaɗai ce ban iya haɗiye komai ba.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Nélida

Alta Gracia, watan Nuwamba

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fatan iskar can ta lafa. Wannan ba za ta yi tsawo ba.

Ba ya ci. Na gwada miyar kabewa, na gwada madara da burodi, na dafa taliya ranar da ba Lahadi ba. Sai ya karɓi cokali ɗaya don kada in yi kuka, ya kau da kai. Zoben aurensa ya fara zamewa, na ɗaure shi da zare. Likita yana maganar sa masa roba ta hanci, da ya ji sai ya damƙe hannun keke har na ce wa likitan ya bar maganar.

Ranar hawan dutse sun biyo ta ƙofar gidanmu. Na fito da shi bakin titi. Suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya a hankali, kowa yana danna ham. Idonsa a rufe yake, bai motsa ba. Da motar Telmo ta kawo, wadda aka sa wa kaburetocin motarmu, sai ya ɗaga yatsa, ko buɗe ido bai yi ba. Ya ce, "Taka." Telmo ya ji, ya taka kuwa, ƙarar ta cika layi, ya sha kwana ya ɓace. Ítalo ya daɗe da kansa a karkace ta wajen. Rabon da in ji kalmar daga bakinsa ke nan.

Telmo ya yi ƙoƙari, ya zo Lahadi biyu tun daga Río Cuarto ya tayar masa da tasa a tsakar gida. Ítalo ya saurara cikin ladabi, kamar mai sauraron ɗan maƙwabci yana karatu, ya ɗan taɓa abinci. Ba muryar tamu motar ba ce, wani yanki ne kawai nata.

Na aje kunya na je wurin Fermín na roƙe shi ya tattaro kayan ya mayar da ita yadda take. Mutum ya zauna a kan taya ya fashe da kuka. Ya ce injin yana Rosario, giya tana Mendoza, amma idan na ce a yi, gobe zai kama hanya. Sannan ya ce, "Doña, ko mun haɗa ta, zai yarda?" Na dawo gida, don mu duka mun san amsar.

Lahadin da ta wuce na turo shi bakin gareji don sabo. Gangar jikin tana nan a kan bulo, ba taya, ba inji, sai kujeru. Na shiga na zauna, na murɗa makulli, ba abin da ya amsa. Na waiwaya ina tsoron abin da zan gani a fuskarsa. Yaya, babu baƙin ciki a cikinta ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Fuskar mutumin da ya gama aikinsa ce, ya wanke hannu yana jiran a tashi. Ni ce ban gama ba.

Ki gaida yara, ki ce ina sa musu albarka. Kada ki jira Kirsimeti kamar yadda muka shirya, ki taho a motar farko da kika samu. Idan kin tashi haɗa kaya, ki sa baƙar rigarki ta makoki a can ƙasan akwati, inda ba zai gani ba.

Ƙanwarki,
Nélida