Kada Ki Hura Murhu

Ghislaine,

Kin san ni, gara in ɓata abu da in ce ban iya ba. Ranar da kika tafi wurin ƙanwarki na haɗa sabon bututun murhun nan mai ruɓi biyu da wanda ya fita ta rufi. Na ce tunda hayaƙi sama yake yi, bakin bututu ma sama zai kalla. Ashe ƙasa ake juya shi, don kwaltar da hayaƙin itace ke tarawa a cikinsa ta riƙa komawa wuta.

Kwana uku ina ƙona ɗanyen itace, ina yaba kaina. Yau da safe na tarar kwaltar ta biyo mahaɗin, ta ɗiga a dardumar da marigayiya Mamarku ta saƙa miki. Na goga, na ƙara ɓata ta. Ki yi haƙuri.

Kada ki hura murhu, ki kunna hitar ɗumama ɗaki. Na tafi ɗauko yayanki Réjean ya zo ya gyara. A waya ya ce, "Suruki, kai har yanzu ba ka san sama da ƙasa ba?" Wai in nemo masa takardar bayanin da ke cikin kwalin bututun. Da ita na hura wutar farko.

Gaétan