Daga Bakin Tela Na Ji Mijina Zai Sauka Daga Kyaftin

Anti, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen watan nan, don kaina ya ɗaure, kuma duk wanda na faɗa wa a dangi, kafin yamma maganar ta zaga. Ki yi haƙuri idan na yi ta zuba ba kan gado, har yanzu ban dawo daidai ba.

Maigidana matuƙin jirgin sama ne, kyaftin, a wani ƙaramin kamfani mai jirage masu farfela, irin waɗanda ke kai mutane garuruwan kusa, kafin fasinja ya gama shan shayi an fara sauka. Shekara goma sha shida yana wurin. Mutane idan sun ji matuƙin jirgi sai su ɗauka yau yana wannan ƙasa gobe yana waccan, amma nawa da safe yake fita, yawanci kafin yara su gama aikin makaranta ya dawo. Shi ke yi wa mahaifinsa wanka, don surukina yana wurinmu tun da ɓarin jikinsa ya shanye, kuma ba ya yarda kowa ya ɗaga shi sai ɗansa. Ni malamar makaranta ce. Yaranmu uku.

Ranar Talata na dawo daga aiki, ko takalmi ban cire ba, sai ga telan maigida da kwat a cikin leda, wai an ce ya kawo gida. Na ciro ta zan rataye, idona ya sauka a kan hannun. Kin san kwat ɗin matuƙa tana da ratsin ruwan zinare a bakin hannu, kyaftin huɗu, mataimakinsa uku. Na ƙirga, uku. Na juya ɗaya hannun, uku. Anti, na yi wa bawan Allah nan tas a bakin ƙofa. Na ce ya ci ratsi ɗaya, ya koma ya nemo shi duk inda ya jefar. Ni da nake goge kwat ɗin mutumin nan da hannuna tun ranar da aka ƙara masa na huɗu, ban taɓa ba mai guga ba. Tela ya yi ta rantsuwa cewa tsawon hannu kawai ya rage, haka aka kawo masa ita. Ya nuna mini maɓallan da tambarin ƙirji, sai a lokacin na lura ba na kamfaninsu ba ne. Sannan ya washe baki ya yi mini murna, wai Allah ya sanya alheri a sabon wurin aiki, ai kyaftin ya faɗa masa babban kamfani ne. Na yi mutuwar tsaye.

Na rataye kwat ɗin a bayan kujerar cin abinci, daidai inda zai ganta da ya shigo. Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa da jakarsa a hannu, ya kalle ta, ya kalle ni, ya tura yara ɗakin kakansu. Sai ya fara bayani da muryar nan da yake yi wa fasinjoji magana idan jirgi na girgiza.

Wai babban kamfani mai manyan jirage ya ɗauke shi. An yi jarrabawa, an yi hira, an gwada lafiyarsa, duk a ranakun da nake ɗauka yana wurin aiki. Na ce to ina ratsin? Ya ce a aikinsu ba a ɗaukar girma a tafi da shi wani kamfani. Ranar da ka shiga ita ce shekarunka. Ko ka yi shekara talatin kana kyaftin, idan ka sauya wuri ƙarshen layi za ka koma, kujerar dama, kujerar mataimaki. Na gaba a layi su ke zaɓar ranakun aiki da hutu da garin zama, na baya ya ɗauki abin da aka rage. Shi za a ajiye shi a wani gari mai nisa, yana zaman jiran kira, waya a hannu, ko a neme shi ko kada a neme shi. Shekarar farko ta gwaji ce. Albashi zai ragu da farko. Komawa kujerar hagu ta kyaftin kuma sai layi ya zo kansa, ba wanda zai iya ce masa ga shekarar.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne Dogo. Wani matashi ne da maigidana ya horar da hannunsa, yana zuwa gidanmu ya cinye mana tukunya, ni nake zuba masa ƙari. Ya bar su tuntuni ya koma wancan kamfanin, yanzu kyaftin ne. Maigidana ya ce mai yiwuwa wata rana ya zauna a damansa yana karɓar umarni. Da dariya ya faɗa, amma na ga yadda yake murza hularsa.

Na tambaye shi me ya yi zafi haka. Ya ce kamfaninsu ba shi da lafiya. Ban yarda ba, don ban taɓa ganin an yi masa jinkirin albashi ba. Washegari na kira matar babban makanikinsu, muna ɗan zumunci, na yi kamar gaisuwa na kira. Sai ta ce ai ta ɗauka na sani. Jirage biyu suna bayan rumfar gyara an toshe bakin injinsu, ana cire kayan ɗaya a gyara wasu, kamar tsohuwar mota a gareji. Yarjejeniyar da ke kawo musu fasinjoji za ta ƙare baɗi, ba wanda ya ji maganar sabuntawa. Matasan matuƙa sun watse. Ashe duk matan sun sani, ni kaɗai nake yawo ana ce mini matar kyaftin ina amsawa. Kunya ta kama ni har na rasa yadda zan ajiye wayar.

Yanzu kwat ɗin tana cikin durowata a kulle, makullin yana jakata. Ya ce bai ajiye aikinsa ba tukuna, sai ƙarshen wata, kuma ba zai ajiye ba sai na ce ya tafi. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Bayan an auna shi an rage hannun riga, yanzu ne ra'ayina ya zama abin jira? Idan na ce zauna, kamfani ya rufe, ni ce. Idan na ce tafi, wa zai ɗaga Baba? Kuma ba zan ɓoye miki ba, ratsin nan yana cin raina. Mutum mai furfura a gemu ya koma yi wa Dogo biyayya. Anti, me zan ce masa?

Matar Kyaftin, zuwa ƙarshen wata

Ƙanwata, sannu. Da farko ki nemi telan nan ki ba shi haƙuri, don shi kaɗai ne a labarin nan bai yi wa kowa laifi ba.

Fushinki yana kan gaskiya. Mijinki ya yi kuskure babba. Abin da zai taɓa wurin kwanansa da jinyar mahaifinsa da tukunyar gida, ke ya kamata ki fara ji, tun kafin ya zauna jarrabawa. Ki faɗa masa haka a fili sau ɗaya, da kyau, ya ba ki haƙuri, ya yi alkawarin ba zai sake ba. Amma ki lura da abu guda. Mutumin da aikinsa shi ne lissafa komai kafin ya tashi bai manta cewa ke za ki karɓi kwat ɗin ba. Ina zaton bakinsa ne ya yi nauyi, ya bar hannun riga ya faɗa miki. Rashin ƙarfin hali ne, amma ban ga raini a ciki ba. Wanda ya san irin alfaharin da kike yi da ratsin nan zai ji tsoron fuskarki.

Abin da ya faɗa miki game da layi kuwa haka yake a kamfanoni da yawa, kuma shi ne dalilin da ya sa jira yake da tsada. Idan ya tafi yau, ƙarshen layi zai tsaya. Idan ya jira kamfani ya rufe, ƙarshen layin ne dai, sai dai ya ƙara shekaru, kuma duk abokan aikinsa za su fito neman wuri rana ɗaya. A ɗaya ɓangaren, ƙananan kamfanoni sukan yi ciwo su warke, kuma a manyan ma idan kasuwa ta faɗi, na ƙarshen layi ake fara sallama. Babu ɓangaren da ke da tabbas. Dawowar da yake yi gida kullum ma ba ƙaramin abu ba ne, kada kowa ya sa ki ji kamar son kai ne.

Don haka kada ki karɓi kayan da ya ɗora miki, kada kuma ki mayar masa. Ku zauna tare a makon nan, ya kawo takardar ɗaukar aikin ki karanta da idonki. Ku san me zai sa a sallami mutum a shekarar gwaji. Ku san ko akwai sharaɗin biyan kuɗin horo idan ya bar su da wuri. Ya tambayi Dogo, tunda yana ciki, shekara nawa waɗanda suka shiga kwanan nan suke yi kafin su koma kujerar hagu, da kwana nawa sabon shiga ke samu a gida a wata. Ya je ya tambayi shugabanninsa na yanzu maganar yarjejeniyar nan kai tsaye, shekara goma sha shida ta ba shi wannan bakin. Kada ya ajiye aiki sai ranar farawa ta tabbata a rubuce. Ke kuma kada ki saki naki aikin, kada ku tashi da gida a shekarar farko.

Maganar Baba ita ce ta gaske, ta fi ta ratsi nauyi nesa ba kusa ba. Mijinki ya durƙusa ya faɗa wa mahaifinsa da bakinsa, kada shi ma ya ji daga wani. Ya kira 'yan'uwansa a raba jinyar, a samo mai kula namiji tun yanzu, su riƙa ɗaga tsohon tare har ya saba da hannun mai kula da shi. Idan wannan bai daidaita ba, to kina da dalilin cewa a dakata.

Idan kin tambaye ni, jiragen da aka toshe wa baki sun fi tsorata ni fiye da kujerar dama. Shi kuma Dogo, wanda ya ci ƙari daga hannunki, zai fi mijinki jin nauyi ranar da suka haɗu a gaban jirgi.

Ki ciro makullin nan daga jaka. Idan kun yanke ya tafi, ki goge kwat ɗin da hannunki kamar yadda kika saba, ki miƙa masa. Ranar da zai fara sa ta, kowa a filin jirgi zai ƙirga hannun rigarsa, ya kamata ya baro mutum ɗaya a gida da ba ta ƙirga ba. Allah ya ba Baba lafiya, ya zaɓa muku mafi alheri, ya sauke shi lafiya duk inda ya tashi.