A Dawo wa Malam Buba da Shanunsa, Sauron Daga Gidana Yake

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Lafiya na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, ni ne tsohon malamin firamaren nan da ya kawo maka takardar ƙorafi a farkon daminar bana a kan garken shanun maƙwabcinsa. Yau ma ƙorafi na kawo, amma rabinsa a kaina yake. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin a bainar jama'a na ɓata mutum, ba zai yiwu in wanke shi a ɓoye ba.

Na farko, ga yadda aka yi. Da ruwa ya sauka, sauro ya hana mu zaman tsakar gida. Tun la'asar sakaliya mai ɗakina Rabi take kwashe tabarmi, ga kuma ƙudan nan mai cizo da ke bin shanu yana huda mana ƙafa. Jikata Hafsatu ta kwanta zazzaɓi sau biyu cikin wata ɗaya. Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Buba, mai shanu tara, wanda mahaifina ne ya yanka wa mahaifinsa filin da suke zaune. Ban yi wani bincike ba, na leƙa ta kan katanga, na ga kashin shanu da taɓo, na yanke hukunci. Na rubuta takarda da Turancina mai kyau, na tsaya a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, mutum goma sha ɗaya suka sa hannu. Wasunsu ko karantawa ba su yi ba, tunda Malam ne ya rubuta.

Na biyu, kuma a nan laifin ofishinka yake. Duba-garin da ka aiko ranar Laraba tsohon ɗalibina ne. Ba zan faɗi sunansa ba, yaron kirki ne, kirkin nasa ma shi ya ja mana. Ya durƙusa ya gaishe ni, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, aka kawo masa fura, wadda da nonon gidan Malam Buba aka dama ta. Ya tambaye ni lafiyar cikin gida da murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman rancen hatsi. Na ce masa gidan malami ne, ai ba ya buƙatar dubawa. Ya ce haka ne. Bai taka ko bakin ƙofar shiga ciki ba. Amma da ya je gidan Malam Buba, babu lungun da bai shiga ba, ya fito ya rubuta masa wa'adin kwana goma sha huɗu ya kwashe shanunsa daga cikin gari. Ranka ya daɗe, da damina, ko'ina shuka ce, ina mutum zai kai garke? Dole ya sa babban ɗansa ya kora su can wajen surukansa ta gefen Doguwa.

Na uku shi ne abin da ke hana ni haɗa ido da mutane. Shanu suka tafi, sauro bai bi su ba, sai ma ƙaruwa ya yi. A lokacin ne na lura da abin da shekara da shekaru ban ɗauka a bakin komai ba. Kullum yamma Malam Buba yakan hura wuta da busasshen kashin shanu da ɗanyen ganyen darbejiya domin korar ƙwari daga jikin dabbobinsa, iska kuwa tsakar gidana take kawo hayaƙin. Wannan hayaƙi har na sa shi cikin takardata a matsayin laifi na huɗu.

Hafsatu ta sake kwanciya karo na uku. Matar Malam Buba, Inna Hari, ta shigo duba ta da ɗan man shanu a kwano, wai shi kaɗai ya rage mata. Da za ta fita ta zaga bayan rumbuna neman ganyen zogale, ta dawo ta ja Rabi gefe ta yi mata magana a kunne. Rabi ta jira har baƙuwa ta tafi, sannan ta ce in zo in ga wani abu.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, sana'ar daddawa ta yi duk rayuwarta. Da ta rasu shekara huɗu da suka wuce, na jera manyan tukwanenta guda bakwai a bayan rumbu, na kewaye su da zana, na ce kada wanda ya taɓa. Rabi ta taɓa cewa a kife su, na yi mata faɗan da ba ta sake tayar da zancen ba. A raina, kife tukunyar mahaifiyata kamar in ce na gama da ita ne. Da na ɗaga zanar nan, kowace tukunya cike take da ruwan sama, ruwan yana motsi da tsutsar sauro, manyan kuma suka tashi suka rufe mini fuska. Ni da na yi shekara talatin ina zana wa yara ƙwan sauro a kan allo! Ashe gaskiyar masu iya magana, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na kife su ɗaya bayan ɗaya da hannuna, ina hawaye, ban san ko na kewar mahaifiyata ba ne ko na kunya.

Ba na musun cewa ƙuda mai cizo shanu yake bi. Amma ba shi ya kwantar da jikata ba, kuma ba laifin da zai tashi gida ba ne. Yanzu labari ya zo mini cewa Malam Buba yana shirin bin shanunsa da iyalinsa gaba ɗaya da zarar an yi girbi, domin makiyayi ba ya zama inda dabbarsa ba ta kwana.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. A janye takardar korar shanun nan tun kafin a fara yankan gero, a kuma karanta janyewar a ƙofar masallacin da na tara sa hannu, ni zan tsaya kusa da mai karantawa. Sannan a riƙa haɗa duba-gari da mace, wadda za ta shiga har bayan rumbu ba tare da jin nauyin maigida ba, kuma a gargaɗe su cewa furfura da tabarmar zaure ba shaidar tsafta ba ce. In za a fara, a fara da gidana.

Na je wurin Malam Buba na faɗa masa komai. Ya saurare ni har na gama, abin da kawai ya ce shi ne, "Yaya jikin Hafsatu?" Wallahi da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya tsare ka daga sa hannu a kan maganar mutum irina ba tare da an leƙa bayan rumbunsa ba. Na tara ganyen darbejiya a gindin katanga, ina jiran ranar da za a sake hura wutar.

Wassalam.

Naka cikin kunya,
Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare.