Ramukan Dararmu Sun Cike

Daren Laraba

Tun kaka ake cewa Habu, abokin darata, ya koma wasan lambobi a waya, wai shi sudoku. Ban yarda ba. Mutumin da buhunan gyaɗarsa ma ƙirga masa ake?

Yau na tarar ramukanmu na gindin darbejiya sun cike da ƙasa, shi da maƙwabcinsa Malam Iro sun haɗa kai kan waya. Har Habun ke koyarwa: "Duba, Malam, ba a maimaita lamba ɗaya sau biyu a layi guda!"

Dariyar da yake yi min in ya cinye ni, ita yake yi wa Iro. Ta tsaya min a rai.

Na ce, "Habu, in tona mana?"

"Ai na bar dara, Alhaji."

Cikin duk masu ba ni labarin, na ƙarshe ke nan da ya faɗa min, Habun da kansa. Ko ɗagowa bai yi ba.